Gyaɗa Yana Kashe Ni

Nafisa, Auwal, Ummi, wannan babin na fi jan ƙafa wajen rubutawa, alhali saboda shi na ɗauki biro tun farko. Kun tashi da labarin cewa hassada ce ta raba ni da rumfata ta sansanin 'yan bautar ƙasa, wai matan kicin ne suka ƙulla mini tuggu don ciniki ya dawo wajena. Yaya Hajara ce ta fara faɗa muku haka, Allah ya jiƙanta, ni kuma na ji na yi gum, domin labarin ya rufa mini asiri. To, ba haka aka yi ba. Babu wanda ya yi mini hassada, kuma matar da kuke jin haushin sunanta ita ce aka zalunta.

A lokacin muna Karu, a gidan nan mai ɗaki biyu da mangwaro a tsakar gida. Babanku yana shagon ubangidansa a Apo, suna sayar da kayan gyaran mota, abin da yake samu kuwa bai wuce na cefane ba. Ni ce na yi sa'ar samun rumfa a 'yar kasuwar da ke cikin sansanin, wadda ake ce wa kasuwar mami. Duk sanda aka kawo sabbin 'yan bautar ƙasa, mako uku suke yi a kulle, sojoji suna kora su fareti cikin farar riga da farin wando, ga gajiya ga kewar gida. Akwai kicin ɗin sansani da ke ba su abinci kyauta, amma da yawansu ba sa iya ci, sai su kwararo wajenmu. Makonnin nan su ne suke riƙe da gidanmu, tun daga makarantarku har ɗinkin salla. Yaya Hajara, yayata da ta dawo wajenmu bayan rasuwar mijinta, ita ke taya ni daka da wanke-wanke. 'Yan bautar ƙasar suna ce mini Mama Zariya, kuma ina son sunan.

Ban taɓa ganin masu tsirfa a kan abinci irin yaran nan ba. Mutum ya gama jami'a, ga gemu ga digiri, amma ka ajiye masa kwanon da bai saba gani ba sai ya riƙa leƙa shi kamar an ce maciji ne a ciki. 'Yan kudu su ga miyar kuka su toshe hanci, su ce wannan ai sai dai a shafe bango da ita. Namu na arewa kuwa sun fi ba ni haushi. Yaro ya zo daga Katsina ya ga teba da miyar agushi a kicin, sai ya ce shi wallahi bai san wanda ya yanka naman ba, ko da an rantse masa cewa mahaucin ɗan Kano ne. Wata ta ga busasshen jatan lande a miya ta ce ƙwari ne, ta kwana uku a kan burodi da shayi har ta zube a filin fareti. Kowannensu kuma da hujjarsa a baki. Wannan ya ce yana sa shi gudawa, waccan ta ce yana fito mata da ƙuraje, wani ya ce likita ya hana shi. Na ji irin waɗannan maganganu har kunnena ya daina ɗaukarsu.

Sai na koyi dabara, kuma na yi alfahari da ita. Na gane cewa suna ne yake korarsu, ba ɗanɗano ba. Dambu ya zama kuskus na arewa a bakina. Miyar kuka na ce musu ogbono ce, miyarsu mai yauƙi, amma ta Hausawa. Jatan lande kuwa in niƙe shi lukui in zuba wa 'yan arewa a miya, in suka ce Mama yau miyar nan ta yi daɗi, in ce sabuwar daddawa ce daga gida. Sai sun ci sun suɗe kwano, kwana biyu, kwana uku, sannan in zaunar da su in faɗa musu abin da suka ci. A yi ihu, a yi dariya, wani ya yi kamar zai yi amai, gobe kuma ya dawo ya ce a ƙara masa. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙarya ba. A ganina magani nake ba su, irin yadda ake ɓoye wa yaro ƙwaya a cikin lomar tuwo. Har takwarorina na kasuwa suna turo mini masu taurin kai, su ce a kai wa Mama Zariya ta gyara.

A zangon da abin ya faru, damina ce. Rana ta uku da buɗe sansani wata yarinya doguwa siririya ta tsaya a bakin rumfata da 'yar kula a hannu, ta gaishe ni da wata irin Hausa mai tuntuɓe.

"Mama, ina wuni. Please, zan iya zauna a benci naki? Abinci na yana nan, ba zan saya ba."

Na ce ta zauna. Sunanta Safiya. Iyayenta 'yan Kano ne, amma a Fatakwal aka haife ta, can ta tashi, ko Kanon sau biyu ta taɓa zuwa. Ta buɗe kular, sai na ga farar shinkafa da ɗan manja da albasa, ko nama babu. Washegari ma haka, jibi ma haka. Na ba ta masa ta ce ta gode. Na ba ta dambu ta ce ta gode. Kunu ma ta tsaya tambayar me da me aka sa, da na ce na gyaɗa ne sai ta ja da baya har da ɗauke kularta daga kan teburin. Nan raina ya fara ɓaci. 'Yar kudu in ta ƙi abincinmu ina yi mata uzuri, ba ta sani ba. Amma Safiya, jikar Kanawa, ta riƙa gudun kunun gyaɗa? Na ce mata wannan wane irin iyayi ne.

"Ba iyayi ba ne, Mama. Gyaɗa yana kashe ni."

"Tana, 'yar nan," na ce. "Gyaɗa mace ce. Gyaɗa tana kashe ni, haka ake cewa."

Ta maimaita yadda na koya mata, muka yi dariya ni da ita da Yaya Hajara. Na tuna wannan rana ya fi a ƙirga. Yarinya ta dube ni ta faɗa mini abin da zai kashe ta, ni kuma na gyara mata Hausa. Ai mu kullum cewa muke yunwa za ta kashe mu, dariya ta kashe mu, har wanda ya ji daɗin abu sai ya ce ya kashe shi. Kuma ni da na tashi a Zariya, inda da kunun gyaɗa ake yaye yaro, a ina na taɓa jin gyaɗa ta kashe mutum? Na yanke a raina cewa uwarta ce ta tsorata ta tun tana ƙarama, irin renon 'yan boko da ake tafasa wa yaro har ruwan wanka.

Mai dafa mata wannan shinkafa ita ce Ladi, wata Bagwariya daga Kurudu, cikin matan da ake ɗauka aikin kicin duk zango. Mace ce gajera mai ƙarfi, ba ta da yawan magana, mijinta ya rasu ya bar mata yara uku. Muna gaisawa, wani lokaci in ara mata turmi, ita kuma ta kan kawo mini ɗanyen zogale daga gonarsu. Likitan sansani ya ba kicin takarda a kan Safiya, shugabar kicin kuma ta ɗora wa Ladi alhakin abincinta ita kaɗai: tukunya daban, cokali daban, manja kawai, kada man gyaɗa ya kusance shi. Wata rana Ladi ta zo karɓar turmi ta tarar ina tsokanar yarinyar, sai ta ja ni gefe.

"Mama Zariya, yarinyan nan ba wasa ba ne fa. Likita ya nuna mini hoto. Ko turmi naki ba na daka nata a ciki."

Na ce na ji. A zuciyata kuwa cewa na yi, ke ma sun tsorata ki da takarda.

Ba zan ɓoye muku ba, tausayi ma yana ciki. Yarinyar tana ramewa a idona, wandon da aka ba ta har ta fara ɗaure shi da igiya. In 'yan'uwanta suna cin tsire sai ta kau da kai. Na ƙaunace ta, ita ma ta saba da ni, tana ba ni labarin teku da jiragen ruwa, ina koya mata sunayen ganyaye. Amma ƙasan tausayin akwai wani abu, kuma shi ne ya tuƙa ni: ban taɓa samun wanda ya gagare ni ba, ba na so a ce 'yar Kano ce ta fara. Ranar Litinin ta mako na biyu na dafa zogalen da Ladi ta kawo mini, na daka ƙuli-ƙuli na tankaɗe shi har ya yi laushi kamar garin tuwo, na kwaɗa da tumatir da albasa, na zuba manja maimakon man gyaɗa don launin ya ɓace. Da ta zo da kularta da rana, na ɗebi cokali uku na ɗora mata a gefen shinkafa.

"Me ke ciki, Mama?"

"Zogale ne da yaji. Ga manja nan kina gani."

"Babu gyaɗa?"

"Babu gyaɗa."

Ta sake duba ganyen, ta sake duba ni. "Mama, kin tabbata?"

"Ke, ni zan cuce ki?"

Abin da na gaya wa kaina shi ne, ƙuli ai ba gyaɗa ba ne, an soya an matse an fitar da mai, saura tunkuza. Ni da na yi shekaru ina murza ƙuli da hannuna a gidanmu, na san daga ina yake fitowa. Amma haka na lallashi kaina. Na riga na shirya yadda zan zaunar da ita ranar Alhamis in ce, to Safiya, kwana uku kina cin ƙuli, ga ki nan daram. Aka busa ƙaho kafin ta fara ci, ta rufe kular ta ce za ta ci a ɗaki.

Ban fi wanke tukunya biyu ba na ji gudu da kururuwa ta wajen ɗakunan mata. Na fito da kumfa a hannu. Wasu samari huɗu ne suka ɗauko ta a kan katifa, da ba don tsawonta ba da ban gane ta ba. Leɓɓanta sun kumbura, idanunta sun rufe, wuyanta ya cika, numfashinta yana fita da wani siririn sauti kamar na buta a kan wuta. Likita ya yi mata allura a cinya tun a bakin ƙofa, aka sa ta a mota sai babban asibiti. Na tsaya a wurin ina bin motar da kallo. Yaya Hajara ta kama hannuna ta mayar da ni rumfa, ta ɗauki robar kwaɗon ta juye a bola, ta wanke ta tas.

'Yan ɗakinsu sun ce daga kular kicin ta ci. Da ta farfaɗo aka tambaye ta, ta ce shinkafar kicin ce da ɗan dafaffen ganye daga wajen Mama, amma ganyen babu komai, ta tambaya sau biyu. Ranar Talata wani jami'i, mutumin kudu da bai san yadda ake kwaɗo ba, ya zo rumfata da littafi.

"Mama, you put groundnut? Gyaɗa?"

"Ban sa gyaɗa ba, oga."

Ya rubuta ya tafi. Kafin la'asar aka ce Ladi ta yi amfani da man gyaɗa, ko ta haɗa cokali. Ina kallo ta fito daga kicin da 'yar jakarta da zaninta na aiki a naɗe, soja yana biye da ita har bakin get. Da ta zo daidai rumfata ta tsaya, na ce shi ke nan ta gano. Ashe turmina ta tuna, ta ce yana bayan kicin, in aika a ɗauko kada ruwa ya dake shi.

A gida kuwa kowa da tasa. Yaya Hajara ta same ni ina tsintar shinkafa da yamma, kuna waje kuna wasa, ta ce:

"Binta, ki riƙe bakinki. Yarinya dai ta rayu, alhamdu lillahi. Ita waccan aikin mako uku ne, za ta samu wani. Ke kuwa in aka karɓe rumfar nan, da me za ki riƙe yaran nan? In uban yarinyar ya kai ki wajen 'yan sanda fa? Ki yi istigfari, ki yi sadaka, Allah mai gafara ne."

Maganarta ta shige ni, domin duk abin da ta faɗa ni ma na riga na faɗa wa kaina. Babanku ya dawo daga Apo, na ba shi abinci, na kwashe komai na gaya masa. Kun san shi, magana sai ta zama dole. Ya ajiye cokali a kwano ya ce:

"Ita matar, yaranta nawa?"

Na ce uku.

"Kamar namu," ya ce, ya ci gaba da cin abincinsa.

Na ji haushinsa ƙwarai a ranar. Na so ya ce in yi shiru in samu wanda zan jingina da shi, ko ya ce in je in faɗa in ce shi ya tilasta ni. Bai ba ni ko ɗaya ba. Laraba na je rumfa na yi ciniki kamar kowace rana, har na yi wa wani ɗan Ibadan tsiya a kan miyar kuka. Ina faɗa muku wannan ne don kada ku zaci na kwana ina kuka. Mutum yana iya ɗaukar abu irin wannan a ciki ya kuma riƙa zuba wa mutane miya yana dariya.

Ranar Alhamis na ce bari in je asibiti in duba Safiya, don kada rashin zuwana ya jawo zargi. Wannan ce niyyata, ba wata ba. Na tarar kumburin ya saɓe, tana zaune an jingina ta da filo, mahaifiyarta da ta taso daga Fatakwal tana gefen gado. Da ta gan ni fuskarta ta washe.

"Mummy, ga Mama Zariya da nake gaya miki. Ita ce take kula da ni."

Matar ta tashi ta riƙe hannuna biyu tana godiya, tana cewa Allah ya saka, ta ji duk alherin da na yi wa 'yarta. Ta ce tun Safiya tana shekara huɗu ba ta taɓa cin abin da ba a gabanta aka dafa ba ko a gidan da aka sani, ko biki suka je da kularta take zuwa. Sai Safiya ta ce, da muryarta da ba ta gama dawowa ba:

"Ganyen ki ne first thing da na taɓa gwadawa a waje, Mama. Ya yi daɗi sosai. Na ci shi duka kafin ma na taɓa shinkafa. In na dawo camp za ki ƙara mini?"

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba, sai dai in ce kunya, irin wadda ban taɓa ji ba kafin nan ko bayan nan. Kuma tsoro ya biyo baya, domin na gane in na ci gaba da shiru, yarinyar nan za ta fita duniya tana ganin kwaɗo ba ya cutar da ita. Wata rana za ta saya a tasha ko a gidan suna, inda babu likita a bakin ƙofa. Na zauna a ƙasan tayil ɗin asibitin, na ce, Hajiya, ki saki hannuna, ni ce. Na faɗa musu komai, har tankaɗen da manjan. Uwar ta yi baya kamar na watsa mata ruwan zafi. Safiya ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Amma na tambaye ki," ta ce. "Sau biyu."

Daga ranar ban sake ganinta ba. Iyayenta sun nemi a mayar da ita gida ta ƙarasa hidimarta a can. Daga baya na ji cewa ubanta ya so ya kai ni ƙara, ita ce ta hana.

Juma'a da safe na shiga ofishin shugaban sansani na maimaita. Bai yi mini ihu ba. Ya ce in kwashe kayana kafin azahar, kuma kada a sake ganina a kasuwar, wannan zangon ko wani. Ya aika a kira Ladi ta dawo aiki. Sauran kun san shi, domin a jikinku ya ƙare. Shekarar ce muka bar gidan mangwaro muka koma ɗaki ɗaya. Shekarar ce, Nafisa, kika zauna a gida ƙawayenki suka wuce ki da aji guda, kina taya ni suyar awara a ƙofar gida. Na san har yau abin yana ranki. Yanzu kin san a kan wa ya kamata ya tsaya.

Na ɗauka da na faɗa a ofis magana ta ƙare. Ranar Asabar na shiga mota zuwa Kurudu don in ba Ladi haƙuri. Na same ta a bayan gida tana ɓarar masara. Ta ba ni kujera, ta saurare ni har na gama, hannunta bai tsaya ba.

"Aiki sun ce in dawo," ta ce. "Amma Mama Zariya, magana ya riga ya zo nan. An ce na sa wa yarinyan Musulmi guba. A coci ni ne nake dafa abinci in ana biki, shekara tara. Jiya sun ba wani. Yarana sun je ɗiban ruwa, an ce musu 'ya'yan mai guba. Oga na camp ba zai zo nan ya gaya musu ba."

Na ce me take so in yi.

"Gobe Lahadi. Ki zo ki faɗa da bakinki."

Da na koma gida na faɗa, Yaya Hajara ta yi tsalle ta dire, ta ce na haukace, matar aure da hijabi a ƙofar coci, in aka yi mini rotse fa? Babanku kuwa ya tashi ya fita. Da safe dai na fito na tarar ya aro babur ɗin maƙwabcinmu yana goge sirdin. Ya kai ni, ya tsaya can gindin wata bishiya. Muka jira har aka tashi. Cocin ƙarami ne, rufin kwano, mata suka fito da ankonsu, suka gan ni suka yi cirko-cirko. Ladi ta tsaya a gefena, ta yi musu magana da Gwari, sannan ta ce da Hausa, ga ta nan.

Na faɗa. Na ce Ladi ba ta sa komai ba, tukunyarta daban cokalinta daban, har gargaɗina ta yi ban ji ba. Na ce ni na daka ƙuli na ɓoye a zogale, aka tambaye ni na ce babu, aka sake tambayata na sake cewa babu, ina kallo aka fitar da ita. Babu wanda ya zage ni. Wasu suka riƙa girgiza kai, wata ta je ta rungume Ladi. Har na fara jin sauƙi, na fara jin kamar na yi wani abin kirki. Sai wata tsohuwa da ke zaune a kan dakali da sanda a hannu ta ɗago ta dube ni.

"Yaushe aka kore ta?"

Na ce Talata.

"Ke kuma yaushe kin faɗa?"

Na ce Juma'a.

"To me kina jira, kwana uku?"

Amsar tana bakina. Na buɗe baki zan ce saboda 'ya'yana ne, ina da yara uku, rumfar ce abincinsu. Sai na ga na Ladi a bayan uwarsu, su uku, cikin kayansu na Lahadi, ƙaramar tana riƙe da gefen zanin uwarta tana kallona. Na rufe bakina. Tsohuwar ta jira, matan suka jira.